Na karye a kasuwa, shin imanina ma ya tafi ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi, nan Gombe. A kakar 2024 na sayi masara da wake na ajiye, da kuɗina da na mutane, har da na wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata marayu. Farashi ya faɗi, na yi ta jira ya tashi bai tashi ba, ƙwari suka shiga wani sashe, ƙarshe na sayar da asara. Watanni ke nan ba na zuwa kasuwa, wayata a kashe take, sallah ma a gida nake yi don gudun masu bina. Wasu na cewa alhakin talakawa ne ya kama ni. Ba na barci, in na tsaya sallah ban san me nake karantawa ba. Kowa ya zo sai ya ce in yi haƙuri, ni kuwa na rasa inda haƙurin yake. Shin imanina ne ya tafi? Ta ina zan samu ƙarfin zuciyar sake fita cikin mutane?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka, ya mayar maka da mafi alheri.

Imaninka bai tafi ba. Na daɗe ina zaman sulhu tsakanin 'yan kasuwa, na kuma ga waɗanda suka cinye dukiyar mutane ba tare da ko gezau ba. Irin waɗannan barcinsu suke yi har da minshari, wasu ma su canza gari su buɗe sabon shago. Mutumin da kuɗin marayu ya hana shi runtsawa, akwai tsoron Allah a ƙirjinsa. Abin da ya same ka baƙin ciki ne mai nauyi, ya haɗu da jikin da ya gaji da kuma bashin da har yau ba ka zauna ka san iyakarsa ba.

Mutanenmu suna yawan ɗaukar haƙuri a matsayin kada a ga damuwa a fuskarka. Alƙur'ani bai koyar da haka ba. Annabi Yaƙubu, wanda ya ce zai yi haƙuri mai kyau, shi ne Suratu Yusuf ta ba mu labarin idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki, kuma da 'ya'yansa suka yi masa magana ya ce shi ga Allah kaɗai yake kai kukansa. Nana Maryamu, lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan rana. Allah bai tuhume ta da raunin imani ba. Kiran da ya zo mata shi ne kada ta yi baƙin ciki, ta girgiza kututturen dabinon, ta ci, ta sha, ta kwantar da hankalinta. Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da zai yardar da Ubangijinmu. A nan iyakar take: harshe kada ya tuhumi Allah, hannu kada ya aikata haram saboda zafin rai. Ciwon da ke cikin ƙirji kuwa ba a hana kowa shi ba. Ina jin takaicin masu shigowa zaure su ce "sai haƙuri" su karkaɗe riga su tafi, alhali da sun zauna sun tambaye ka nawa ake binka, wa ya fi matsa maka, akwai abinci a gidan, da sun fi yi maka amfani.

Game da sallah, ka ci gaba da tsayuwa ko da zuciyar ba ta zo ba. Sallarka ta inganta matuƙar ka cika rukunanta. Malaman Malikiyya ma sun yi wa wanda shakka ta aura sauƙi, wato wanda kullum sai ya rikice raka'a nawa ya yi: ya kau da kai daga shakkar, ya kammala, ya yi sujadar ba'adi. Kada ka riƙa maimaita sallah sau biyu sau uku, shaiɗan ne zai ƙara samun ƙofa.

Masu cewa alhakin talakawa ne ya kama ka, ba su da ilimin gaibu. Ka buɗe Suratul Fajri daga aya ta 15: mutum in Allah ya yalwata masa sai ya ce Ubangijina ya girmama ni, in ya ƙuntata masa arziki sai ya ce Ubangijina ya wulaƙanta ni, sai Allah ya ce a'a, ba haka ba ne. Yalwa ba shaidar yarda ba ce, talauci kuma ba shaidar fushi ba ne. Sannan abin da ya faru a kasuwa kowa ya gani. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na taki suka tashi, hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba, mutane da yawa suka ɗauka haka za a ci gaba. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kaya suka ƙaru a kasuwa, a 2025 farashi ya sauko, ya bar masu ajiya da buhunan da suka saya da tsada. Ba kai kaɗai abin ya taɓa ba, akwai mutanen kirki a cikin waɗanda suka faɗi. Amma ba zan wanke ka gaba ɗaya ba, domin ban shiga zuciyarka ba. Sayen hatsi lokacin kaka, yana da yawa a kasuwa, a ajiye zuwa bazara, sana'a ce halal. Wanda hadisi ya kira mai laifi shi ne mai ɓoye abinci lokacin da jama'a ke tsananin buƙata don ya ƙara tsada. In ka duba ka ga akwai ranar da kwaɗayi ya sa ka rufe sito mutane na neman abin sawa a baki, ka tuba tsakaninka da Allah, ka wuce wurin. In babu, kada ka ɗora wa kanka zunubin da ba ka yi ba saboda maganar majalisa.

Akwai abin da ka faɗa da ya sa na damu ƙwarai, rashin barcin nan na watanni da gudun mutane. Likitoci suna cewa in mutum ya wuce mako biyu kusan kullum cikin ƙunci, ba ya jin daɗin abin da ya saba jin daɗinsa, barci da cin abinci sun rikice, tunani ba ya tsayuwa wuri ɗaya, to ana zargin ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne da ake magani kamar hawan jini. Shi ne ma zai iya zama dalilin da ya sa karatun sallah ke kuɓuce maka. Ka je asibiti a auna jininka, ka faɗa wa likita duk abin da ka faɗa mini ba tare da ragewa ba. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe yana da likitocin wannan fanni, zuwa wurinsu kuma ba ya nufin hauka. In sun ba ka magani ka sani yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kada ka yar da shi bayan kwana uku. Ka guji sayen ƙwayar barci ko tiramadol a kemis da kanka, na ga magidantan da suka shiga wannan hanya daga karayar arziki ba su dawo ba. In kuma tunanin raba kanka da duniya ya taɓa zuwa maka, ko sau ɗaya ne, ka faɗa wa wani na kusa da kai yau ɗin nan, ka ba shi duk maganin ƙwarin hatsi da fiya-fiya da ke gidanka ko sitonka ya ɗauke, a kai ka asibiti. Addu'a da magani ba sa karo da juna.

Yanzu ga maganar da na fi so ka natsu a kanta, domin ina zaton rabin nauyin da ke kanka daga nan yake. Ka ce "kuɗin mutane" kamar duk iri ɗaya ne, alhali a shari'a ba iri ɗaya ba ne.

Wanda ya ba ka rance, wato ya ce ga kaza ka yi amfani da shi ka dawo mini da shi, wannan bashi ne a wuyanka, ko ka ci riba ko ka faɗi. Haka wanda ka ɗauki kayansa bashi. Amma wanda ya ba ka kuɗi ya ce ka juya masa ku raba riba, rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku, wannan shi ne ƙiradi, kuma hukuncinsa a wurin malamai a fili yake: in an ci riba a raba yadda aka yi sharaɗi, in an faɗi asarar tana kan mai dukiya, mai juyawa kuma ya yi asarar wahalarsa. Kai amintacce ne a kan wannan dukiya, ba a bin ka ita sai in ka yi sakaci ko ka ƙetare abin da aka ce maka. Misali an ce masara kaɗai za ka saya kai kuma ka sayi wake, ko ka ba da kayan bashi ba da izinin mai su ba, ko ka ɗiba ka yi hidimar gidanka, ko ka bar buhuna ba magani ba dubawa har ƙwari suka cinye. Wannan na ƙarshen ya shafe ka, don haka ka yi wa kanka adalci a kansa: faɗuwar farashi ba laifinka ba ne, ɓarnar ƙwari kuwa sai an duba ko ka yi abin da masu sana'ar suka saba yi na kariya. Akwai kuma nau'i na uku da ya yi yawa a garin nan, mutum ya ba ka kuɗi ya ce duk wata ka ba shi kaza, uwar kuɗinsa kuma tana nan daram. Wannan ba ƙiradi ingantacce ba ne, ya fi kama da rance mai kuɗin ruwa, sai an kai shi gaban malamin da ya san fiƙihun ciniki ya warware muku abin da ya wajaba a biya da abin da ya faɗi.

Saboda haka ka ɗauki littafi da biro, ka rubuta kowa da sunansa, nawa ya bayar, da wane sharaɗi, wa ya shaida, nawa ka riga ka mayar masa. A ɗaya gefen ka rubuta abin da ya rage a hannunka da wanda kake bin wasu, har fili ko babur ko ragowar buhuna. Da yawa daga cikin waɗanda na sa suka yi haka sun tarar adadin da ke hana su barci ya fi wanda ke kan takarda. Wasu kuma sun tarar ya kai yadda suke tsoro, amma aƙalla ya zama abin da ake iya zama a yi magana a kai.

Daga nan sai fuskantar masu haƙƙi, kuma a nan ne ƙarfin zuciyar da kake tambaya yake. Ba zai sauko maka kana kwance a ɗaki ba. Da tsoronka za ka tashi, gabanka na faɗuwa, sai ka taka sannan ƙarfin yake biyo baya. Na taɓa zama a wani zaure inda aka tara wa wani mai sayar da wake masu binsa. Ya shigo kansa a ƙasa, hannunsa na rawa har littafin ya kusa faɗuwa. Ya ajiye shi a kan tabarma, ya ɗora makullin babur ɗinsa a kai, ya ce ga abin da ake bina, ga abin da na mallaka, ban ɓoye ko ƙwandala ba. Wani dattijo da ya fi kowa zafi, wanda ya rantse sai ya kai shi kotu, ya ja littafin ya daɗe yana bin layi da yatsa. Da ya ɗago sai ya ce, "Wallahi ba kuɗin ne suka fi ƙona mini rai ba. Kashe wayar nan ne. Na ɗauka ka mayar da ni sakarai." A zaman nan ya yafe wani kaso, sauran aka tsara biya kaka-kaka, ya kuma tura masa makullin ya ce ka riƙe, da me za ka nemo abin biyana? Ba kowane zama ne ke ƙarewa haka ba. Za ka haɗu da wanda zai zage ka, wataƙila wani ya kai ka gaban alƙali, haƙƙinsa ne kuwa. Amma ɓuya ita ke mayar da wanda ya karye ya zama ɓarawo a idon mutane, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Kada ka je kai kaɗai. Ka nemi shugabannin kasuwarku ko limamin unguwa ko wani dattijo da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa.

Ka shiga zaman da sanin cewa addini yana tare da mai gaskiyar da ya gaza. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta ce yafewa ta fi alheri. A zamanin Annabi (SAW) an yi wani mutum da ya sayi 'ya'yan itace suka lalace, bashi ya yi masa katutu. Annabi ya ce a taimaka masa da sadaka, aka tara bai isa ba, sai ya ce wa masu binsa su karɓi abin da suka samu, ba su da wani abu bayan wannan, wato ba su da ikon takura masa a kan abin da ba shi da shi. Wata rana kuma muryar Ka'abu ɗan Maliku ta tashi a masallaci yana bin wani bashi, Annabi ya ɗaga labulen ɗakinsa ya yi masa nuni ya sauke rabi, ya sauke, sannan ya ce wa ɗayan tashi ka biya. Hadisin da sahabi Ƙabisa ya ruwaito ya ambaci wanda annoba ta cinye dukiyarsa cikin mutum uku da neman taimako ya halatta gare su har su tsaya da ƙafarsu, kuma masu bashi suna cikin kaso takwas na zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Don haka in wani ɗan'uwa ko aboki ya miƙo maka hannu, ko aka ba ka zakka don rage bashi, ka karɓa ba tare da jin ka zubar da mutunci ba. Annabi ya kuma yi albishir cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya, Allah zai biya masa.

Matar nan mai marayu, ita za ka fara zuwa wa, kafin manyan masu kuɗi da ke da bakin magana. Ko da lissafi ya nuna ƙiradi ne kuma ba ka da laifi, ta cancanci ta ji bayani daga bakinka a gaban waliyyin yaran, ta ga takardun saye da sayarwa. In Allah ya buɗa maka ka kyautata mata fiye da abin da shari'a ta wajabta. Ta yiwu ita ma ba ta barci, tana tunanin wanda ta amince wa ya gudu da abincin 'ya'yanta.

Maiɗakinka ma ka zaunar da ita ka gaya mata gaskiyar inda aka tsaya. Ta riga ta san akwai matsala, rashin sanin girman matsalar ne ke cin ta.

Masallaci kuwa ka koma gobe da asuba, lokacin da mutane ba su da yawa kuma ba a tsayawa dogon surutu. Kwana biyun farko za ka ji kamar duk sahu kai ake kallo. Mafi yawansu gaisuwa kawai za su yi maka, wasu ma daɗi za su ji da ganin ka. Ka lazimci addu'ar da Annabi yake yawan yi, ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da tsoro da rowa, da nauyin bashi da rinjayen mazaje, da kuma wadda ya koya wa Ummu Salama, "Allahumma ajurni fi musibati wa akhlif li khairan minha." Ka rage "da na sani", da na sayar tun da wuri, da ban karɓi kuɗin wane ba. Hadisi ya ce wannan kalma tana buɗe wa shaiɗan aiki, kuma hadisin nan ɗaya ne ya ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya.

Sai kasuwa. Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina ba shi da komai, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi godiya ya ce a nuna masa hanyar kasuwa, ya dawo da ɗan cuku da man shanu. Da wannan ya fara. Kai jarinka ya tafi, amma idonka da ke gane masara mai danshi tun daga bakin buhu yana nan, haka sanin da ka yi wa manoma da dillalan Kumo da Dukku da Bajoga, da masu zuwa sari daga kudu. Ka shiga dillanci ko sayo wa wani kaya a kan la'ada, ko awo da mudu a bakin rumfar abokinka. Zai yi ciwo ranar da yaron da ka koya wa sana'a zai ce ka je ka duba masa mota. Ka je ka duba. Duk abin da ya shigo ka raba shi, na cefane daban, na masu bashi daban, ko dubu biyu ce ka kai ka sa a rubuta.

Ba zan yi maka alƙawarin dukiyar za ta dawo kamar da ba. Na ga waɗanda ta dawo musu ta ninka, na ga waɗanda suka ƙare rayuwarsu da rufin asiri kawai. Wahala kuma ba ta gyara mutum don kanta, wasu ƙara musu ɗaci da zargin jama'a take yi. Waɗanda na ga ta amfane su, su ne suka fito da wasu halaye da ba su da su a da: ba sa karɓar sisin kowa sai an rubuta da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta yi umarni, ba sa zuba duk jari a kaya ɗaya, suna gaya wa mai ba su kuɗi tun ranar farko cewa ana faɗuwa a kasuwa, kuma in suka ji wani ya karye su ne na farko a ƙofar gidansa, domin sun san me ake ji a cikin ɗakin nan.

In ka gama rubuta littafin, ka kai shi wurin malamin da ya karanci babin ciniki ku bi shi suna bayan suna kafin ranar zama da masu haƙƙi, don kada ka amsa bashin da ba naka ba, kada kuma ka musanta wanda yake naka. Allah shi ne mafi sani.